Kafin ka kifa kofin gahawa don ka gani a TikTok, ji yadda ta kaya da ni a Gwarzo

Yau ba da siyasa na zo ba, ba kuma rigimar 'yan fim ba ce. Maganar gahawa ce, wadda da yawanmu muka fi sani da kofi. Na san wani har ya taɓe baki yana cewa ana fama da tsadar masara, wannan kuma ya zo mana da zancen kofi. Ka yi haƙuri ka biyo ni. Kafin mu kai ƙarshe za ka ga har da kai ake, ko da kuwa ba ka taɓa kurɓar gahawa ba.

In dai kana yawo a TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Tebur tas, hannu tas, ga wani abu na roba kamar ƙaton sirinji. A zuba baƙin gari, a tsiyaya ruwan zafi, a rufe, sai a yi wuf a kifa shi a kan kofi a danna. Cikin daƙiƙa 30 an gama, ko ɗigo bai zuba ba. Ni dai na kalli irinsa ya fi a ƙirga, har na fara jin cewa ranar da abin nan ya zo hannuna, to na zama gwani.

Sunan abin AeroPress. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Alan Adler ne ya ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a 2005. Ƙirarsa ba ta da wuyar ganewa: bututu ne mai faɗi, da abin dannawa mai bakin roba da ke shiga cikinsa, da murfi mai huji-huji wanda ake shimfiɗa wa 'yar takardar tacewa. Yana da babban wa, wato tulun gilashin nan mai raga da ake dangantawa da Faransa, wanda wani ɗan Italiya, Attilio Calimani, ya yi wa rajista a 1929. Duk aikinsu ɗaya ne: gari ya zauna cikin ruwan zafi, sannan a danna a raba ruwa da tuka.

Yadda mai abin ya tsara shi, ɗora shi ake yi a kan kofi, murfin yana ƙasa, a zuba gari da ruwa, a juya, a danna. To amma tun kafin ka danna, wani ruwan ya fara ɗiga ta cikin takardar bai gama ɗaukar ɗanɗano ba. Wannan ɗigar ce ta dami wasu mashaya, sai suka ce bari mu tsayar da shi kai ƙasa ƙafa sama: abin dannawar ya zama gindi ya toshe ƙasa, bakin yana kallon sama, ruwa ya zauna a kan gari iya lokacin da kake so. In ya yi, ka ɗaura murfi, ka kifa a kan kofi. Wannan shi ne salon kifawa da ake yayi, har a gasar duniya ta AeroPress da aka fara a birnin Oslo na ƙasar Norway a 2008 an sha ganin masu yin sa.

Duk wannan bayanin daga baya na san shi. A lokacin, kifawar kawai na sani.

Hutun da ya wuce, cikin hunturu, na bar makaranta na kama titin Gwarzo na nufi gida. Na tarar wani yayana da ya yi hidimar ƙasa a Gembu, can kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, ya dawo da ƙullin soyayyun 'ya'yan gahawa, da kuma wannan sirinjin da wani abokin aikinsa ya bar masa. Shi bai damu da shi ba, ya ce in ɗauka in ina so. Wallahi ji na yi kamar an ba ni kujerar Makka.

Washegari da safe na sa ƙanwata ta daka min 'ya'yan a turmi, na hura kurfoti, na jingina waya a jikin bokiti na kunna kyamara. Na tsayar da abin kamar yadda na gani, na zuba gari, na cika shi taf da ruwan da ke tafasa, na ɗaura murfi, na kalli kyamara na yi murmushi, na kifa. Abin da ya biyo baya ba ya cikin kowane bidiyo da na taɓa gani. Abin dannawar ya fice fit, ruwan zafi da baƙin gari suka wanke min bayan hannu da farar jallabiyata. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki. Na yi minti kusan ashirin hannuna yana cikin ruwan sanyi, na kuma yi kwanaki ina alwala da dabara.

Laifin nawa ne ɗungurungum. Bakin robar kaɗan na tura cikin bututun, ga shi na cika ruwa har baki, kuma da na kifa ban riƙe ɓangarorin biyu tare ba. Ruwan zafi yana dumama iskar da ta rage a ciki, ta buɗe ta turo abin dannawar waje. Daga baya ne ma na gano cewa kamfanin da ke ƙera abin da kansa ba ya ba da shawarar a riƙa kifawa, saboda haɗarin ƙuna. Babu ɗaya daga cikin masu bidiyon da na kalla da ya faɗi haka.

Umma tana zaune a gefe tana tankaɗe, duk abin nan a kan idonta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, sai ta ce, "Kai ɗan nan, wai me kake nema ne da ka tsayar da abu a kife kamar mai tsafi?" Na ce, "Umma, so ake ruwan ya daɗe a kan garin kafin a tace." Ta dube ni ta ce, "Au, dama duk wannan bidirin jiƙo kake yi? Ai da ka tambaye ni."

Ɗan uwa, wannan maganar ta fi ƙunar yi min zafi, domin gaskiya ce tsagwaronta. Jiƙo ne. Abin da ake yi wa tsamiya kafin a dama kunu, abin da ake yi wa zoɓo, abin da kakanninmu ke yi wa saiwa da sassaƙe. A jiƙa, a jira, a tace. Matar da ba ta taɓa riƙe wayar shafa ba ta gane dalilin abin cikin daƙiƙa biyar, ni kuma ɗan jami'a mai karantar aikin jarida na ƙona data na makonni ina kallon siffarsa ban taɓa tambayar dalilinsa ba.

Abin da nake son mu tattauna ke nan. Ba na cikin masu cewa gwada sabon abu iyayi ne ko ƙaryar birni. Akasin haka ma, ina ganin gwaji shi ne abin da muka fi ƙaranci a kai. Matsalarmu ita ce mun ɗauki kwaikwayo a matsayin gwaji, alhali hanyar jirgi daban ta mota daban. Mai kwaikwayo hannun mai bidiyo yake kallo. Mai gwaji tambaya yake yi: me ya sa aka yi haka, kuma in na canza kaza me zai faru?

Bayan hannuna ya lafa, na kwashi kayan na tafi maƙwabciyarmu Kabo wajen wani abokina da muke aji ɗaya. Muka yi shawarar mu yi abin yadda ake koya mana a darasin hanyoyin bincike: a canza abu ɗaya kawai a kowane zagaye, sauran a bar su yadda suke, kuma a rubuta komai. Ba mu da sikeli, sai muka tsayar da cokali ɗaya da kofi ɗaya a matsayin ma'auni: cokali biyu na gari, ruwa kofi guda. Agogon waya ya zama alƙali.

Da lokaci muka fara. Na minti ɗaya ya fito tsararo, da ɗan tsami-tsami. Na minti biyu zuwa uku ya yi daidai, har wani ɗan zaƙi-zaƙi yake yi ba tare da sukari ba. Wanda muka manta da shi ya haura minti shida ya yi ɗaci da bauri. Sai muka koma kan niƙa. Muka sa rariya muka raba garin biyu: mai laushi kamar garin tuwo, da ɓarzajje kamar tsaki. Mai laushin ya yi saurin yin ƙarfi amma ya toshe takardar, dannawa ta zama kokawa. Ɓarzajjen ya wuce salin-alin, sai dai yana son a ƙara masa lokaci. Dalilin a fili yake: yadda gari ya kai laushi, haka ruwa ke samun wuraren shiga da yawa, ya kwaso abin da ke ciki da sauri. Daga nan muka gwada zafin ruwa. Wanda aka sauke daga wuta aka zuba nan take ya fi fito da ɗacin irin wannan gahawar tamu da ta soyu sosai, wanda aka bari ya huce na minti ɗaya kuwa ya fi taushi a baki.

Gwajin ƙarshe shi ne ya ba ni kunya. Muka haɗa kofi uku. Na farko da salon kifawa, wannan karon da hattara. Na biyu da sirinjin a tsaye yadda aka ƙera shi, amma bayan zuba ruwa sai muka ɗan tura abin dannawar a baki ya toshe iska, ɗigar ta tsaya, kamar yadda kake toshe bakin tsinken shan lemo da yatsa ruwan ya ƙi zuba. Wannan dabarar sananniya ce, James Hoffmann, ɗan Ingilan da ya ci gasar masu haɗa gahawa ta duniya a 2007, ita yake koyarwa: giram 11 na gari, giram 200 na ruwa, jiran minti biyu, a ɗan girgiza, a ƙara daƙiƙa 30, a danna a hankali. Na uku kuwa babu sirinji sam. Fulas muka zuba gari da ruwa muka rufe, bayan minti uku muka tace da sabon ƙyallen tatar koko.

Muka kai wa wani dattijo mai shayi da ke kusa da su abokina, shi da mutum huɗu da ke zaune a bencinsa, ba tare da mun gaya musu wanne ne wanne ba. Tsakanin na farko da na biyu babu wanda ya iya bambancewa. Na fulas suka ce ya fi ɗan nauyi a baki kuma akwai ɗan gari a ƙasan kofin, amma biyu daga cikinsu shi suka zaɓa. Na san bakin mutum biyar a benci ba zai zama hujjar da za a kai gaban malamin jami'a ba. Amma ya ishe ni in gane cewa abin da na ƙona hannuna a kansa, fulas ɗin Umma zai iya yin kusan irinsa.

Da na yi wa dattijon bayanin abin da muka gano, sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai ganyen shayi ma haka yake. Ka bar shi ya daɗe a wuta ya yi bauri, ka yi gaggawa ka ba mutane ruwan ɗumi mai launi. Mu da hanci muke ganewa, ku kuma sai da agogo." Na ce, "Baba, to me ya sa ba ku taɓa faɗa mana ba?" Ya ce, "Wa ya taɓa tambaya? Ku dai ku zo ku ce a sa muku madara da yawa, kanku na kan waya."

Ka ga inda gizo ke saƙa? Ilimin yana nan kusa da mu, a tsakar gida da bakin tasha, amma ba ma ganinsa da daraja sai an naɗo mana shi cikin bidiyo da Turanci. Ita kanta gahawar da muke wa kallon abin Turawa, asalinta Afirka ne, daga tsaunukan Habasha. Sufayen ƙasar Yaman ne suka shahara da shan ta tun ƙarni na 15 domin su iya raya dare da ibada, kuma ta tashar jiragen ruwansu ta Mokha ta bazu a duniya. Kalmar gahawa ma daga Larabci muka aro ta. Wanda ya taɓa zama kusa da alhazai ya san 'yar butar nan mai dogon baki da ƙananan kofuna, ga dabino a gefe. Nescafé da muka fi sabawa da ita a teburin mai shayi ta baya-bayan nan ce, a 1938 kamfanin Nestlé ya fito da ita a ƙasar Suwizalan, kuma gahawa ce da aka riga aka dafa aka busar, shi ya sa take narkewa ba ta barin tuka.

A Nijeriyar nan ma ana noman ta. Irin da ake kira Arabika yana yi a kan tsaunin Mambila saboda sanyi da tudu, inda kuma ake noman ganyen shayi a Kakara. Cibiyar CRIN da ke Ibadan, wadda aikinta ya ƙunshi bincike a kan kokon cakulan, goro, kashu, shayi da gahawa, tana da reshe a can Mambilan. To ka gaya min, cikin mu masu ɗora hoton kofi a shafukanmu, mutum nawa ne suka san haka? Mun san sunan sirinjin Amurka, ba mu san manomin Taraba ba.

Wani zai ce, to duk wannan a kan kofin gahawa? A'a, ba a kansa kaɗai ba. Ni abin da ya tsorata ni shi ne yadda na yarda da bidiyon nan ɗari bisa ɗari, alhali a aji an koya min yadda ake yanka hoto a haɗa. Na san ana ɗaukar abu sau goma a zaɓi ɗaya. Na san ana yanke inda aka yi kuskure. Duk da haka na ɗauka abin da na gani shi ne duk abin da ya faru. In ɗalibin aikin jarida zai faɗa wannan ramin a kan abin da bai wuce ƙunar bayan hannu ba, ina ga ƙanwarka da ta ga ana haɗa man shafawa kala uku don fata ta yi haske? Ina ga abokinka da ya ga wani ya jingina da mota yana cewa ka zuba dubu goma ka kwashi dubu ɗari? Ina ga mai haɗa jiƙe-jiƙen rage ƙiba don wata ta rantse a bidiyo? Hali ɗaya ne: a ga siffa, a tsallake dalili, a kifa. Garin neman gira ake rasa ido.

Kuma mu ma da muke ɗora abubuwa muna da namu kason. Ka san abin da na fara yi bayan na ƙone? Hannuna na cikin ruwa, ɗaya hannun yana neman goge bidiyon. Niyyata in sake ɗauka in ya yi kyau in ɗora, in zama ɗaya daga cikin masu ɓoye wa na baya inda ramin yake. Da na yi haka, da wataƙila wani yaro a Getso ko Garo ya gani ya kwaikwaya, shi ma ya ƙone, shi ma ya goge. Haka ƙarya ke yaɗuwa ba tare da kowa ya furta ƙarya da bakinsa ba.

Tunda na ɗauko zancen, bari in sauke nauyi ga wanda zai gwada. In ka nace sai ka kifa, ka tura abin dannawar ciki sosai, kada ka cika ruwa har baki, ka tabbata murfin ya ɗauru, ka riƙe ɓangarorin biyu tare, kuma kada yaro ya kasance kusa. In kuwa za ka ji tawa, ka bar kifawar, toshe iskar ya wadatar. Sannan ka tuna gahawa na ɗauke da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin goro da shayi. Hukumomin kula da abinci na Amurka da Turai sun sa miligiram 400 a rana a matsayin iyaka ga baligi mai lafiya, wato kusan kofi huɗu, mai juna biyu kuwa ana ba ta shawarar kada ta wuce 200. Jiki kan ɗauki kamar awa biyar kafin ya rage rabin abin da ka sha, don haka kofin bayan la'asar yana nan tare da kai har ka kwanta. 'Yan uwana masu kwanan karatu lokacin jarrabawa, gahawa tana ɗage barci ne kawai, bashin yana nan sai ka biya.

Ba ina cewa ka daina kallon bidiyo ba ne, ni ma ban daina ba. Ba kuma cewa nake kada ka sayi sabon abu in kana da hali ba. Sirinjin yana nan a wajena, ina amfani da shi, yana da saurin wankewa kuma gahawarsa tana fita tas. Roƙona uku ne. Kafin ka kwaikwayi abu, ka tambayi me ake nema da shi. Kafin ka kashe kuɗi, ka duba ko akwai abin da ke yin wannan aikin a gidanku, ka kuma tambayi na gaba da kai. In ka gwada ka zo ɗorawa, ka ɗora har da inda ka faɗi.

Ga aikin gida na wannan makon. Ka zaɓi abu ɗaya da kake yi kullum don ka ga ana yi, ko shayi ne, ko cajin waya, ko yadda kake zuba taki a gonar gidanku. Ka canza abu ɗaya a ciki, ka rubuta abin da ya faru, ka nemi wani ya duba ba tare da ka gaya masa ra'ayinka ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma fa gwajin da aka yi da ido buɗe.

Bidiyon ƙunar ban goge shi ba. Ƙanwata ce ta hana, ta ce shi ne abu mafi amfani da na taɓa ɗauka tunda na shiga jami'a. Jallabiyar kuwa har yau tabon bai fita ba, Umma ta ce in bar ta haka in riƙa tunawa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.